Wai tseren Formula 1 iya tuƙi ne ko kuɗin baba?

Ɗan_Jega: Salam jama'a. Ƙanena ya ishe ni da kallon tseren motocin nan na Formula 1, har wai shi ma abin da zai yi ke nan. To direbobin nan gwaninta ce ke kai su can, ko sai mai uwa a gindin murhu?

Bakabe: Wa'alaikumus salam. Malam kuɗi ne, kada kowa ya ruɗe ka. Dubi Lance Stroll, babanshi Lawrence da abokan kasuwancinshi sunka saye ƙungiyar Force India sukutum a 2018, ita ce ta koma Aston Martin, to wa zai iya korar ɗan mai gida? Ga Mazepin na Rasha, kamfanin takin babanshi Uralkali ya zuba kuɗi a ƙungiyar Haas ya samu kujera a 2021, da yaƙin Yukren ya tashi a 2022 aka raba gari da kamfanin, tare da yaron aka sallame su.

Hajjo_Yauri: Bakabe ka faɗi rabi ka bar rabi. Hamilton fa? Babansa ayyuka ya riƙa haɗawa don ya biya masa tseren ƙananan motocin yara, har ƙungiyar McLaren suka ɗauke shi a 1998 yana shekara 13, yau kambun duniya 7 gare shi. Iyayen direba Ocon gidansu suka sayar don ya yi tsere. Kuma ko kai ɗan waye sai ka tara maki 40 a ƙananan gasanni kafin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta ba ka lasisi, shi kansa Stroll ɗin ai ya ci ƙaramar gasar F3 ta Turai a 2016.

Bakabe: Hajiya ai kin taya ni ne. Mutum ya sai da gida dan ɗanshi ya yi tsere, mi ya rage? Wanda babanshi bai da gidan saidawa fa?

Malam_Zuru: Ni abin da na lura kamar sukuwa ce, mahayi komai iyawarsa sai mai doki ya ɗora shi. Niki Lauda bashin banki ya ci ya sayi kujera, daga baya ya zama zakara sau 3, Schumacher kuwa Mercedes ne suka biya masa tserensa na farko a ƙungiyar Jordan a 1991, kenan ko manyan ma da kuɗin wani suka shiga. Abin da ke ba ni haushi shi ne irin Drugovich ɗan Brazil, ya ci gasar F2, matakin da ke ƙasa da Formula 1, a 2022 tas amma ya ƙare a benci, dan kujerun ba su da yawa kuma kowace da mai jiran ta da jakar kuɗi.

Ɗan_Jega: Tab. To ni me zan ce wa yaron yanzu?

Hajjo_Yauri: Ka ce ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau, kowace ƙungiya direba 2 ne ke tsere amma injiniyoyi da makanikai ɗaruruwa ne. Kafin nan in bikin kamun kifi ya zo ka kai shi Argungu ya ga tseren mota ido da ido.