Gashin kyanwata ya cukurkuɗe, ga ƙuma: wanka zan fara yi mata ko taza?

Maman Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Kyanwa ce mai dogon gashi, watanta takwas. Gashin hammatarta da bayan kunnuwa ya dunƙule, tana ta susa, ga faratanta sun gama da labule. An ce in yi mata wanka da Dettol in sa almakashi in yanke ƙullin. Da sanyin nan na Jos anya kuwa? Masana ku taimaka.

Baban Yara, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ajiye Dettol da almakashin tukuna. Dettol guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa sinadarin da ke cikinsa, kuma duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Kada kuma ki jiƙa ƙullin, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi kamar igiyar da ta sha ruwa.

Da taza ake farawa. Barbaɗa ɗan garin sitaci a kan ƙullin, ki murza da yatsu. Riƙe gindin gashin kusa da fata da hannu ɗaya don kada ya ja mata nama, sannan ki sa kum na ƙarfe mai manyan haƙora ki riƙa warwarewa daga bakin gashin kina matsowa ciki. Minti biyar ya isa zama ɗaya, ki yi bayan ta ci ta ƙoshi tana lumshe ido. Da kin ga jela ta fara kaɗawa, kunnuwa sun kwanta baya, sake ta sai gobe.

Wanda ya manne da fata kamar tabarma kilifar aski ce maganinsa. Fatar kyanwa siririya ce, takan biyo ƙullin idan an ɗaga shi, shi ya sa almakashi ke yankar nama mutum bai sani ba. Bayan an warware, mai dogon gashi taza take so kullum, mai gajere kuwa sau ɗaya ko biyu a mako. Hakan na rage aman dunƙulen gashi.

Anti, Rayfield:
'Yar uwa, ki fara tabbatar da ƙuma ce. Taje ta a kan farar takarda mai danshi. Idan baƙin ɗige-ɗigen da ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jini ne ta sha.

Ki nemi maganin ɗigawa na kyanwa mai sinadarin fipronil, irin Frontline. Ki buɗa gashin ƙeya har ki ga fata, ki ɗiga a nan inda harshe ba ya kaiwa, kada ruwa ya taɓa ta kwana biyu, ki maimaita bayan wata guda. Ki karanta kwalin da kyau: na kare da yawa akwai sinadarin permethrin, wanda ke sa kyanwa dalalar da miyau, karkarwa da jijjiga, har ya kashe ta. Kananzir, baƙin mai da fiya-fiya duk layi ɗaya ne. Shimfiɗarta ki wanke da ruwan zafi duk mako, ki share ƙarƙashin kujeru, don ƙwan ƙuma a can yake zuba.

Wanka kam lafiyayyiyar kyanwa ita ke yi wa kanta. In ya zama dole, da tsakar rana, ruwa mai ɗumi irin na jariri, tsayin yatsa huɗu a baho, tawul a ƙasan bahon don ta samu madafa. Shamfu na kyanwa, ban da fuska da cikin kunne. Ɗauraye sosai, ki tsane ta da tawul biyu, ki kulle ta a ɗaki mai ɗumi har ta bushe ƙarau. A Disamba da Janairu dai, ni shawarata a haƙura.

Maman Biyu:
Na gode Anti, Allah ya saka. Faratan fa? Tsoro nake kada in fitar mata da jini.

Baban Yara:
Guda 18 ne, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a baya. Na biyar ɗin can gefe yake, ba ya taɓa ƙasa, in an manta da shi sai ya lanƙwashe ya shiga nama. Naɗe ta da tawul ki fito da ƙafa ɗaya, danna tafin a hankali farcen zai leƙo. Haska da tocila za ki ga ja-ja a ciki, jijiya ce da jini. Yanke farin tsinin kawai, kamar milimita 2, duk bayan mako biyu zuwa uku. In an kuskure, danna garin fulawa a wurin minti ɗaya ko biyu. Kada ki ba ta farasitamol don zafi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ki kuma duba ƙarƙashin ƙullin idan ya fita. In akwai zagayayyen wuri da gashi ya zube yana ɓarewa, makero ne mai yiwuwa, kuma yana kama yara. Wannan sai likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Jos ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom.