Me ke sa sauti fashewa idan ana naɗar wasan kai tsaye?

MaiKaset: Salamu alaikum 'yan'uwa. In za a naɗi wasan ƙungiyar mawaƙa ta Phish daga cikin 'yan kallo, me ke sa sauti fashewa da zarar ganga ta yi ƙarfi?

TsohonFaifai: Wa alaikumus salam. Ƙarfin shigar sauti ne ya yi yawa, malam. Rage shi kololuwarsa ta tsaya kusan -12dB a ma'aunin ƙarfin sauti na na'urarka, ka naɗa a 24-bit, wato saitin da ke kama sauti dalla-dalla. Kashe mai daidaita sauti da kansa, shi ke danne kiɗa. Sa makirufo biyu kan sanda, sama da kawunan jama'a, bayan teburin haɗa sauti.

Kunne: Ajiye abin da ka naɗa a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, domin MP3 na zubar da wani ɓangaren sautin har abada. Rubuta kwanan wata, wuri da jerin waƙoƙi.

TsohonFaifai: Musayar abin da aka naɗa ake yi, ba sayarwa, kamar yadda masoyan ƙungiyar mawaƙa ta Grateful Dead suka saba.