Cacar dawowar jirage Bab al-Mandab, abin dogaro ce?

Ɗan Jidda: 'Yan'uwa, ana caca a intanet kan yaushe jiragen kaya za su dawo Bab al-Mandab, mashigar Bahar Maliya ta kudu da suka ƙaurace wa saboda hare-haren 'yan Huthi na Yemen. Mai jiran kwantena ya dogara da farashinta?

Alhaji Bawadi: Ƙanena, in ƙuri'ar "eh, za su dawo" tana santi 30 cikin dala ɗaya, 'yan cacar na ganin yiwuwar dawowar kashi 30 cikin 100 kenan. Kasuwar ƙarama ce, attajiri ɗaya zai girgiza ta. Caca kuma haramun ce, kallo kawai.

Bakanon Fot Sudan: Malam, inshorar yaƙi za ka duba. Bayan hare-haren Huthi na 2023 ta kai kusan kashi 1 na darajar jirgi. Sai ta sauka kamfanoni za su daina zagaye Afirka, zagayen da ke ƙara kwana 10 zuwa 14.

Hajiya Yanbu: Masu ƙirga jiragen da ke wucewa kuma siginar AIS, mai nuna inda jirgi yake, suke bi. Jirgin da ya kashe tasa ba ya shiga lissafi.