Karatu ya cakuɗe min, bacci ya ƙi zuwa: ku da kuka wuce nan yaya kuka yi?

'Yar aji biyar:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda abin ya taɓa samu nake so su yi magana, don nasihar "ki dage" na sha ta har na ƙoshi. Shekarata 16, saura min shekara ɗaya in gama sakandare. Zangon nan komai ya cakuɗe min, satin da ya wuce tes uku gare ni da asaimen biyu, ga not ɗin bayoloji da ban kwafa ba tun da na yi kwana huɗu a kwance ba lafiya, ga aikin gida yana jirana in na dawo. Ranar Talata na zauna kan asaimen ɗin lissafi har ƙarfe ɗaya na dare na gama shi tsaf, da safe na je aji na zazzage jaka kaf babu littafin, ashe a ƙarƙashin filo na baro shi. Malam bai ce min uffan ba, jan biro kawai ya sa ya ja layi a gaban sunana, ni kuwa na fita bayan aji na yi ta kuka. Abin da ya fi damuna in na kwanta bacci ba ya zuwa sai lissafin abin da ban yi ba ya dinga yawo a kaina, in na buɗe littafi kuma sai in karanta layi ɗaya sau biyar ban san me na karanta ba. Ni kaɗai ce haka?

Yayar gida:
Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi ba ke kaɗai ba ce, kamar labarina kike bayarwa. Yanzu ina shekara ta uku a jami'a amma lokacin da nake ajinki haka na yi ta fama, kuma abin da na gano daga baya shi ne aikin bai kai yawan da nake ji ba, ɗaukarsa a ka ne ya sa ya yi nauyi. Abu shida ne amma da yake duk a ƙwaƙwalwa na tara su sai su dinga zagayawa suna dawowa kamar sittin ne.

Wata rana na sayi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihun jaka, na ce duk abin da malami ya bayar kafin in tashi daga kujera sai na rubuta shi da ranar da za a karɓa. Guda ɗaya fa, ba a bayan littafin kimistiri yau gobe a tafin hannu ba. Daren farko na zauna na juye duk abin da ke kaina a ciki har da "mayar wa ƙawata rularta", na ƙirga na ga abu tara ne, uku daga ciki ko minti goma ba za su ci ba. Ranar na yi baccin da na daɗe ban yi irinsa ba. Sai da na shiga jami'a na ji ashe tun 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta yi rubutu kan cewa aikin da ba a ƙarasa ba ya fi wanda aka gama maƙalewa a rai, na ce to ga abin da ke hana ni bacci nan.

Zancen littafin da kika manta kuwa, ki dinga haɗa jaka da daddare ba da safe ba, da kin rufe asaimen ki jefa shi ciki tun kafin ki miƙe, ki ajiye jakar a bakin ƙofa.

Mai karatun dare:
Ni ta wajen bacci abin ya kayar da ni, shi ya sa da na ga kin ce ƙarfe ɗaya na dare gabana ya faɗi. Shekarar da zan rubuta jarabawar ƙarshe na mayar da dare rana, in sha kofi mai kauri wajen ƙarfe goma in zauna har uku, in tashi biyar da rabi, ina ganin ai ni ne mai himma a ajin. Na yi kusan wata biyu a haka. Ranar jarabawar gwaji ta fizis aka ajiye min takarda, tambaya ta biyu na san na yi irinta a daren jiya har ina tuna gefen shafin da take da ɗigon kofi a kai, amma yadda ake warware ta ya ɓace fes, na zauna ina kallon agogon bango hannuna yana zufa har biro yana sulɓewa. Na samu ƙasa da rabi.

Wani ɗan'uwan babana ma'aikacin lafiya ne ya zaunar da ni, ya ce wanda ke tsakanin shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 jikinsa ke buƙata a kowane dare, kuma a cikin bacci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta da rana, in ka hana ta kamar ka rubuta a kwamfuta ne ka kashe ba ka yi sabin ba. Ya ce sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikin kofi da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ma ya bar jiki, wato wanda na sha ƙarfe goma har uku rabinsa na nan yana aiki, to ko na kwanta wane irin bacci zan yi. Na daina ba don na yarda ba, don na ji tsoro ne. Amma cikin sati biyu na ga awa ɗaya da nake yi da yamma ido biyu ta fi min ukun da nake yi ina gyangyaɗi.

Auta:
Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Duk wanda ya tashi sai ya ce yi taimtebur, ni na yi ya fi sau biyar, in zana shi da kala in manna a bango, 4:00 lissafi 5:00 Turanci 6:00 kaza, ranar farko a aike ni ƙarfe huɗu shi ke nan duk ya rushe, sai in ji ai yau ta lalace bari sai gobe, goben ma haka. Ya koma wani abin da ke kallona daga bango yana ƙara min damuwa, na cire shi.

Abin da ya yi min aiki shi ne abu uku kacal a rana, ba awa a jiki, duk lokacin da na samu sarari in ɗauki na farko. Sai kuma dabarar nan ta minti 25 da ake ce wa Pomodoro, wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ne ya fito da ita ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibi, ka saita agogo ka yi minti 25 ba ka taɓa komai, ka huta 5, in ka yi sau huɗu ka yi hutu mai ɗan tsawo. Gaskiya da farko ko 25 ɗin ban iya ba da 10 na fara. Kuma waya ba kife ta a gefe za ka yi ba, wani ɗaki za ka kai ta, don ni ko a kife take ina jin ta a raina, in ce bari in duba guruf ɗin aji ko an turo wani abu sai in farga minti arba'in sun tafi.

Yayar gida:
Auta gaskiyarka, nima taimtebur na awa-awa bai taɓa zama min ba. Littafin da nake faɗa jerin aiki ne da rana kawai.

Malamin kimiyya:
Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandare, bari in faɗi abin da nake gani daga gaban allo. 'Yata, layin da malaminki ya ja, da kin same shi bayan darasi kin ce Malam na yi aikin na manta shi a gida zan kawo gobe, ko ma tun farko kin ce na yi kwana huɗu ba lafiya ina bin bashin not, yawancinmu za mu ɗaga miki ƙafa. Mu ba mu san abin da ke faruwa ba in ba a faɗa mana ba, yaro arba'in ko fiye a gabanka, wanda ya yi shiru sai ka ɗauka bai damu ba. Ni kaina na taɓa yi wa wani yaro faɗa a gaban aji kan rashin kawo aiki sau uku, daga baya na ji ashe shi ke kwana da mahaifinsa a asibiti. Har yau abin yana ci min rai. Tun daga nan nake ce musu ku zo kafin ranar karɓa, ba bayanta ba.

Sai zancen karanta layi sau biyar. Yawancin ɗalibaina maimaita karatu suke yi, su bi not da ido su ja layi da kala, idonsu ya saba da shafin sai su ɗauka sun iya. Ba iyawa ba ce, sabo ne. Ki karanta shafi ɗaya ki rufe littafin ki ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da kika tuna, sannan ki buɗe ki ga me ya zube. Zai yi miki wuya kuma za ki ji kamar ba ki san komai ba, wannan wuyar ita ce karatun. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa ya wallafa a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko bayan ka koyi abu, daga nan ta rage gudu. Shi ya sa minti goma a daren ranar da aka yi darasin, da wasu goma bayan kwana uku, da wasu bayan sati, sun fi awa uku a daren jarabawa.

Iyaye kuma da ke karantawa, yaron da ya balaga ba taurin kai ne kaɗai ke hana shi bacci da wuri ba, sinadarin melatonin mai kawo bacci yakan jinkirta fitowa a wannan shekarun, agogon jikinsu yana matsawa gaba. Ga hasken waya ya zo ya ƙara. Sai an taimaka musu, ba tsawa kaɗai ba.

Wata uwa:
Malam Allah ya saka da alheri, maganarka ta taɓa ni. Ni ta ɓangaren uwa zan yi magana. 'Yata ta fari lokacin tana shekara 15 ta koma ba ta son magana, abu kaɗan ta fashe da kuka, kullum ciwon kai, ni kuma ina ta faɗa ina cewa lalaci ne da waya. Ita ce babba don haka duk hidimar ƙannenta a kanta take, ban taɓa zama na lissafa ba sai ranar da na shiga ɗakinsu wajen sha ɗaya na dare na same ta ta yi bacci a zaune, kanta a kan littafi biro a hannu, kayan makaranta ma ba ta cire ba. Na tsaya na ƙirga, daga dawowarta zuwa lokacin ko minti talatin ba ta samu nata na kanta ba, kuma ni ce na cinye lokacin. Washegari na raba aikin da ƙannenta maza, na ce daga ƙarfe biyar zuwa shida da rabi ko me ake yi kada wanda ya kira ta. 'Yata ki samu mamanki lokacin da hankalinta yake kwance, ba tana tsakiyar aiki ba, ki nuna mata jerin abin da ke gabanki a rubuce. Mu iyaye sau da yawa ba mugunta ba ce, ba mu gani ba ne.

Na wuce nan:
Ina so in ƙara abu ɗaya don kada wani ya karanta duk wannan ya gwada bai yi masa ba ya ce shi ne matsalar. Ni na yi littafin, na gyara bacci, amma duk safiyar makaranta zuciyata ta dinga bugawa kamar za ta fito, cikina ya murɗa, numfashi ya yi min wuya, na daina cin abinci sosai na daina zama da ƙawaye, abin da nake so da duk ya fita raina. Na yi wata huɗu ina ɓoyewa don kunya. Wata malamarmu ce ta lura ta kira ni ofis, ita ta yi wa iyayena magana aka kai ni wajen likita, aka haɗa ni da mai ba da shawara, mun yi ta zama kusan wata uku. A can na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 suna fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, na tuna yawanmu a aji na ce ashe ba ni kaɗai ba ce na yi shiru. Ta koya min in ja numfashi a hankali in sake shi ya fi jan tsawo, da fita tafiya da ƙafa kullum, da rubuta abin da nake tsoro a takarda minti goma kafin jarabawa. In abin ya wuce sati biyu yana hana ki ci da bacci, ko kika fara jin rayuwar ma ta ishe ki, ƙanwata wannan ba na taimtebur ba ne, ki faɗa wa babba a ranar.

'Yar aji biyar:
Na gode ƙwarai Yaya, Malam, Mama, da ku duka, na karanta kowanne ya fi sau biyu. Kwana tara ke nan. Na sami ƙaramin littafin, daren farko abu goma sha ɗaya na rubuta yanzu saura huɗu. Na je wajen malamin lissafi ƙafata tana rawa na kai masa littafin, ya duba ya karɓa ya rage min maki biyu na latti, ya ce me ya sa ban faɗa tun ranar ba. Mamana na nuna mata jerin ta yi shiru ta daɗe tana kallo, yanzu wanke-wanken yamma ƙanena ke yi. Baccin ne bai gama daidaita ba, ina kwanciya goma da rabi amma jiya sai wajen sha biyu ya ɗauke ni, wayar dai tana ɗakin mama. Malam na gwada rufe littafi a kan babin numfashi na bayoloji, abu huɗu kawai na tuna cikin kusan goma sha biyar, yau da na sake na samu tara. Kimistiri ne har yanzu ban san ta inda zan kama shi ba, tes ɗin ranar Litinin ne, in akwai wanda ya taɓa gwada wannan dabarar a kan daidaita ikweshon don Allah ya faɗa min yadda ya yi.