Me za mu kira abin da ake sa wa bayan akori-kura?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Abin nan da ake sa wa bayan akori-kura, inda ake loda kaya, don kada ƙarfen ya goge ya kama tsatsa, Bature ya ce masa "bed liner". Mu fa? Shekaranjiya na shiga Ƙofar Ruwa nemansa, na tsaya gaban shago ina ta kwatance da hannu. Yaron shagon ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Alhaji, robar baya kake nufi?" To ai ta gilashin baya ma roba ce, ta ƙofar baya ma roba ce.

2/ Ƙanina ya ce a kira shi "zanin gado". Na ce Allah ya shirye ka. Turawa ne ke ce wa wurin "bed", wato gado, mu bodi muke cewa, ko bayan mota. Wa ya taɓa jin ɗan dako a Dawanau ya ce a sauke buhu goma daga kan gado? Kuma ba mu rasa baiwar raɗa suna ba. Akori-kura kanta ba kwamiti ne ya zauna ya sa mata suna ba, mutanen kasuwa ne suka ga motar ta ƙwace wa masu tura kura ciniki.

3/ Ga abin da ya kai ni. Hilux ɗina 'yar Kwatano ce, ta zo da irin na baƙar roba mai tauri wadda ake zubawa a masana'anta daidai bodin motar, a ɗora a ɗaure da noti. Shekara 3 ban taɓa ɗaga ta ba. Damina ina kai taki gona, rani ina ɗauko siminti. Daga sama tsaf, ko ƙwarzane babu. Ran nan fanel bita zai gyara min marfin baya ya kwance ta. Wallahi sai da na yi salati. Yashi ya taru a ƙasa ya yi laka, fentin ya cinye a duk inda robar ke gugar ƙarfe, ta wajen kusurwar hagu kuwa da ya danna sukudireba sai ga ƙasa muna gani ta ramin. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ai taki gishiri ne. Ruwa ya shiga, ba iska, me kake so ƙarfe ya yi?"

4/ A nan na gane abin da ya sa kalma ɗaya ta ƙi zama. Abu biyu ne Bature ya cusa a suna ɗaya. Akwai wanda ake ɗorawa a cire, irin nawa. Akwai kuma na feshi: a kankare fentin da samfefa, a wanke, a haɗa sinadari biyu a bakin bindigar feshi, ya bushe nan take ya zama fata mai kaushi, kaurin 'yan milimita, manne da ƙarfen. Irin aikin da Line-X da Rhino Linings suka yi suna da shi a Amurka. Wannan ba ya ciruwa, kuma ruwa ba shi da hanyar shiga ƙarƙashinsa in dai an gyara ƙarfen da kyau kafin feshin. In an yi ha'inci a kankara, ɓawo zai riƙa yi.

5/ Shawarwarin da aka ba ni a majalisa. Leda: a'a, ledar ɗaki sirirya ce, kuma mai jin kalmar zai ɗauka tamfol ake nufi. Sulke da lifidi: sun yi wa abin yawa, ba hawan Daushe za mu ba. Wani tela ya ce shafi, kamar shafin babbar riga. Wannan ta burge ni, don ma'anarta ta yi kusa da ta Turancin ƙwarai. Sai dai shafi a ciki yake ɓuya, ba shi ne ke shan dukan kaya ba.

6/ Kawuna ne ya kawo ƙarshen rabin gardamar. Yana gefe yana jan carbi, ya ce, "Kai yaro, abin da ake ɗora wa bayan mai ɗaukar kaya kafin a aza masa kaya, ba shi da suna tun kakanni? Akumari mana." Shiru muka yi. Akumarin jaki aikinsa ke nan: ya shiga tsakanin mangala da gadon baya. Har aibinsu ɗaya. Kawu ya ce duk mai jakin da ya san abin da yake yi, da yamma sauke akumari yake ya kakkaɓe, ya duba bayan dabbar, don in tsakuwa ta maƙale a ƙasa aka bar ta, miki za ta yi ba a sani ba. Mikin da na gani a motata ke nan. Sunan da kansa yana gaya maka ka riƙa ɗagawa kana sharewa, musamman bayan ruwan Agusta.

7/ Na feshin kuwa ni na kawo tawa: daɓe. Wanda ya taso a cikin Birni ya ga yadda mata ke daɓen ɗaki, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta haɗe ta zama abu guda. Ba a naɗe daɓe a jingine, kuma kyansa yana ga shirin da aka yi wa ƙasan. Wani ya ce ai daɓe bugawa ake yi, wannan fesawa. Gaskiya ne. Amma ɗakin da aka yi wa siminti ma muna cewa an yi masa daɓen siminti, ba wanda ya nemi madaɓi.

8/ Saura na uku, shimfiɗar roba mai kauri da ake jefawa a ƙasan bodi kawai, ba ta rufe gefe. Wannan tabarma ce, ba sai an yi taro ba.

9/ To ga inda na tsaya: akumarin bodi, daɓen bodi, tabarmar bodi. Mai ɗaukar bulo da rodi, akumari zai fi masa sauƙin kuɗi, kuma yana tare duka, sai dai kaya na zamewa a kansa. Mai taki da gishiri da kayan gwari masu tsiyayar ruwa, daɓe. Amma a tambayi mai feshin ko nasa yana jure rana, don akwai irin da zafin Afrilu na Kano zai mayar da baƙinsa toka-toka.

10/ Na gwada kalmar a kan fanel bitan nan ba tare da bayani ba. Na ce, "In ka gama walda, daɓe za a yi mata." Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ya fi maka." Akumarin da muka cire yana nan jingine a soro, mai mota irin tawa da yake so ya zo ya ɗauka.