Haddata ta tsaya cak a izu goma, zuciyata ta mutu, ina mafita?

Ɗan Zazzau:
Slm jama'a. Don Allah shawara nake nema, amma kar a rufe ni da faɗa, don wlh faɗan da na yi wa kaina ya isa. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022 da muka share wata takwas a gida, tun Fabrairu har Oktoba, na ce maimakon zaman majalisa bari in shiga hadda wajen wani malami a layinmu. Na faro daga Nasi, kullum bayan asuba rabin shafi, ran da kai ya buɗe shafi guda, kafin a janye yajin na haɗa izu goma cif har Ahƙafi. Da aka koma makaranta abin ya fara ja da baya, na ce in na gama digiri zan dawo, na gama na ce bayan bautar ƙasa, yanzu ga shi na dawo gida ina ɗan zaman POS kuma lokaci ina da shi, zuciyar ce babu. In na ɗauko Alƙur'ani da niyyar ƙari sai in ji jikina ya mutu murus, in ɗauki waya in ce minti biyar, sai dai in ji kiran azahar. A azumin da ya wuce liman ya ja Ƙad sami'a a tahajjud, wadda da nake kawo ta kamar Fatiha, na kasa bin sa ko aya uku a jere. Tun ranar na ƙara sarewa. Malamina ma yanzu canza hanya nake in na hango shi. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita?

Tsohon Gardi:
Wslm ƙanina. Ni a tsangaya na taso, kuma abin da ka faɗa ba baƙo ba ne wajenmu. Matsalarka ƙari kake son yi alhali na baya ya zube, zuciya kuwa ba ta yarda ta ɗebi ruwa a kwando, shi ya sa take ƙi maka. Ka manta da Jasiya da sauran Hawamim tukunna, dama can wajen yana ba mutane wuya saboda ayoyi masu kama da juna. Izu goma a bugun Madina mai shafi 604 bai wuce shafi ɗari da 'yan kai ba. Koma Sabbi, kullum sumuni biyu, wato kwatan izu, ka duba ka karanta da ƙarfi sau da yawa sannan ka rufe ka kawo. Za ka sha mamaki, haddar da aka taɓa yi ba ta tafiya gaba ɗaya, kwanciya take yi, wadda ka yi sati kana fama da ita da farko yanzu kwana ɗaya ta ishe ka. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, to kai wa ye da naka ba zai kuɓuce ba bayan shekaru ba tilawa? Kuma mu ma Alhamis da Juma'a hutu muke, ba a ce sai kwana bakwai ba.

Maman Biyu:
Ɗana ni abin da ya tsaya min a rai shi ne gudun malamin nan da kake yi. Na yi irinta bayan haihuwata ta biyu, shekara ɗaya da rabi ban leƙa Islamiyya ba, kullum ina cewa sai na gyara tilawata a gida sannan in koma don kar in ji kunya gaban yara sa'o'in ƙannena, kuma ban taɓa gyarawar ba ko sau ɗaya. Ranar da wata maƙwabciyata ta ja ni dole muka je, na kakare a Tabaraka har sau huɗu, malama ko a jikinta, ta ce gobe ki sake kawowa. Kunyar kenan gaba ɗaya, ta minti goma. A 2022 ɗin ma ai ba ƙarfin zuciyarka kaɗai ya kai ka izu goma ba, akwai mutum zaune yana jiranka kullum da asuba. Yanzu ba mai jiranka. Ka je ka gaishe shi kawai, ko ba ka ɗauki Alƙur'ani ba.

Mai Shayi:
Gsky ku daina lallaɓa shi, waya ce. TikTok da Facebook har ƙarfe biyun dare, asuba ma da ƙyar, ina hadda za ta zauna? Ka bar ta a caji a wani ɗakin sai ka gama karatu.

'Yar Asibiti:
Mai Shayi wayar tana ciki amma ba kullum ita ce tushen ba, wani gudun abin da ke cin sa ne yake kai shi ga wayar. Ɗan uwa tambaya ɗaya, haddar ce kawai ta fita ranka ko har sauran abubuwa? In ka ga ƙwallo ma ba ta yi maka daɗi, abinci ba ka ci sosai, barci ya rikice, kana jin ba ka da wani amfani, kuma abin ya wuce sati biyu kusan kullum, to wannan zai iya zama ciwon damuwa kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna kusa da kai, ko ka fara da likita a babban asibitin garinku. Mutanenmu da an ga haka sai a ce raunin imani ne, mutum ya ƙara tsanar kansa. Sahabi guda, Hanzala, sai da ya zargi kansa da munafunci don himmarsa tana raguwa in ya koma cikin iyali, Annabi (SAW) bai ce masa munafuki ba.

Ɗan Zazzau:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Anti ina cin abinci lafiya lau kuma ƙwallo ba ta wuce ni hhh, amma rashin aikin nan yana taɓa ni ba ƙarya, zan lura. Mai Shayi ka same ni, ba musu. Mama jiya bayan isha'i na daure na je, gabana na ta faɗuwa, malam ya ce au kana gari ashe, ya tambayi jikin babana, ko maganar hadda bai tayar ba sai da zan tafi ya ce Asabar in zo da Sabbi. Yau da safe na gwada ni kaɗai, na kakare a Fajri wajen Iram, amma Gashiya ta fito tas.

Tsohon Gardi:
Fajrin ma ka maimaita ta a nafilar magariba yau da gobe, zuwa Asabar ta zauna. Kuma kar daɗi ya ɗebe ka ka ce za ka kai masa izu guda, sumuni biyun dai.