Masu riƙon biro a ƙwallon tebur, wa ya hana ku sauya hannu?

Bahago:
Salamu alaikum. Shekara tara ke nan ina riƙe bat kamar biro, kuma da wuya wata ya wuce ba a ce min in koma riƙon musabaha ba, wato a damƙi mariƙin kamar ana gaisawa, wai namu tsohon yayi ne. Xu Xin na ƙasar Sin ne ya hana ni. Bahago ne irina, ga tsawo ga ƙafa. Sai ya ja baya can nesa da tebur, ya zagaye ƙwallon da aka jefa masa ɓangaren bayan hannu, ya sheƙe ta da bugun gaba, ta tafi a lanƙwashe kamar lauje. Wata biyu na yi ina kwaikwayonsa, ciwon gwiwa kawai na tsira da shi, don hannun na ɗauka na bar ƙafar. To kowa ya faɗi gwaninsa da abin da ya tarar da ya gwada.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ku da kuke da roba gaba da baya ai cikin gata kuke. Nawa bat ɗin mai kusurwa huɗu ne, irin na Japan da Koriya, roba fuska ɗaya, baya katako zalla. Ryu Seung-min na Koriya ta Kudu ne ya ɗora ni a kai. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atens a 2004 ya doke Wang Hao na ƙasar Sin da ci 4 da 2, kuma tun daga ranar babu namijin da ya sake cin zinaren 'yan ɗaiɗai in ba ɗan Sin ba. Ku nemi bidiyon ku kalli ƙafarsa kawai, ku bar ƙwallon. Kusan duk faɗin teburin da bugun gaba yake rufe shi.

Yanzu da shekaru suka ja, yara sun gano lagona. Su danna min biyu a kusurwar baya, ina tokarewa, ta ukun su wurga can ƙarshen dama. Kafin in isa an riga an ƙirga. Duk da haka ban saka robar baya ba, kuma ba zan saka ba.

Mai Yatsa Uku:
Baba, a yi min afuwa, amma wanda Ryu ya doke ɗin nan shi ne ya ceci riƙonmu. Liu Guoliang na Sin, mai zinaren Olamfik na 1996, ya fara taɓa bugu da bayan bat jefi-jefi, sai Wang Hao ya mayar da shi abin yi a kowace ƙwallo, har ya kusan daina tokarewa da fuskar gaba. Ni da na fara koyo, makon farko da yatsana na tsakiya nake buga ƙwallo, ba da roba ba. Yatsu ukun da ke baya na baza su kamar mai tallafe tire, ƙwallo ta zo ta dake su ta yi sama. Sai da na haɗe su na ɗan lanƙwasa su kusa da mariƙi. Bayan nan nauyi ya biyo baya: roba biyu a kan katako, wuyan hannu na zogi har cikin dare. Na sa sanfefa na goge gefen katakon inda manuniya da babban yatsa suke zama, don har kanta ya fitar min. Ranar da na fara ɗaga ƙwallo mai juyin ƙasa da bayan bat, ta haura raga ta nutse a tebur, abokin wasana tsayawa ya yi yana duban hannuna.

Abin da ke cin raina shi ne azurfar Wang Hao uku a jere a Olamfik, 2004, 2008 da 2012. Ya dai ci gasar duniya a Yokohama a 2009, da ita nake rarrashin kaina.

Sabis:
Ni gwanina Ma Lin ne, na Sin. Kofin duniya huɗu, da zinaren Beijin 2008, inda ya doke Wang Hao ɗin naka, Yaya, ka yi haƙuri. Sabis ɗinsa mai faɗawa can ya dawo raga da kansa na kwana ina koyo. Sau ɗaya ya yi min, babu kowa a wajen.

Uwar Biyu:
Duk maza kuke ta lissafawa. Ni bayan haihuwata ta biyu na koma wasa, numfashi ba ya kai ni ko'ina. Sai na ga Ni Xia Lian tana buga wa Luksambur a Olamfik ɗin Faris 2024 tana da shekara 61, bahaguwa, riƙon biro, ta ma ci wasanta na farko kafin Sun Yingsha ta fitar da ita. Ba ta gudu. Tana manne da tebur, robarta mai ƙuraje tana mayar wa mutum juyinsa. Na sauya zuwa irin robar, na daina ja da baya. 'Yan matan da ke gajiyar da ni yanzu su ke zuba ƙwallo a raga suna duba bat ɗinsu.

Autan Tebur:
Masu cewa tsohon yayi ne su kalli Félix Lebrun na Faransa. Yana shekara 17 ya ci tagulla a Faris, ya doke Hugo Calderano 4 da nema, alhali yayansa Alexis riƙon musabaha yake yi. Ga Dang Qiu na Jamus da ya ci gasar Turai a 2022. Saboda Félix na sauya bara, kocina ya yi kwana uku yana min gori.

Bahago:
Na gode. Mai Yatsa Uku, wace roba ka sa a baya da ta rage nauyin? Baba Tsohon Hannu, in an jefo ta ukun nan, ka gwada tsallaka ƙafa irin ta Ryu, ko gwiwar ce ta ƙi?

Tsohon Hannu:
Gwiwar ce, ƙanina.